Katafilar da Ta Yi Damina a Gonar Inna

Gonar Inna tana bayan ƙauyenmu, tsakanin Agiye da Cadawa, daidai inda jigawa ke ƙarewa ƙasa ta fara yin ja. Ba wata babbar gona ba ce. Gamana ce, irin ɗan filin da maigida ke yankar wa matarsa daga gandu don ta noma na kanta. Lokacin da Baba ya ba ta ita fili ne fetal, babu ko inuwar da akuya za ta raɓa. Inna ce ta bi kututture ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi toho sai ta zaɓi reshe mai ƙarfi ta bar shi, ta sassabe sauran, ta yi ta lallaɓa shi shekara da shekaru. Kafin in yi wayo gonar ta cika da gawo da kalgo da aduwa. Da ƴaƴan gawon take kiwon awakinta, da ɓawon kalgon take ɗaure itacenta. Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, ba wanda ya ko ambaci gamanar nan. Kowa ya san mai ita.

Mu biyu ne muka rayu cikin ƴaƴan da Inna ta haifa, ni da yayata. Amma akwai na uku da ta shayar. Ina da ƴan watanni a duniya matar maƙwabcinmu ta rasu wajen haihuwa, ta bar ɗa namiji. Inna ta ɗauko shi, ta sa ni a dama ta sa shi a hagu. Tare aka yaye mu, tare aka yi mana kaciya, akushi ɗaya muke ci. Ba ma kiran juna da suna, sai "ɗan Inna". A gonar nan muka yi rarrafe, a can kuma muka gano cewa in ka ɗan tona ƙasa za ka iske burji ja wur, don da shi muke cika aljihu mu harbi kurciya da danƙo.

Ni na bi lakol, wato makarantar boko, har na zama malamin dabbobi, aka yi ta yawo da ni gari gari. Shi ya gudu daga aji tun muna ƙanana. Ranar da zai tafi Maraɗi neman aiki, Inna ce ta sayar da akuyarta ta yi masa guzuri. Ya zama yaron motar yashi, ya zama direba, ya sayi tasa motar, ya ƙara wata. Ya je Makka, sunansa ya ɓace, kowa sai Alhaji. Daga nan ya shiga kwangila, ya sayi katafila.

Na san katafilar nan yadda mutum ke sanin fuskar maƙiyinsa. Tsohuwa ce tun ranar da ya saye ta. An ce wasu masu yin hanya ne tun zamanin iyayenmu suka tafi suka bar ta, ta yi ta sauya hannu. Ruwan ɗorawar da aka shafa mata ya koɗe. Bakinta, wato faffaɗan ƙarfen da take tura ƙasa da shi, duk tabon walda ne. Ba ta tashi da makulli. Sai an ja igiya an tada wani ɗan inji da ke gefenta, ya yi ta ƙara kamar injin niƙa, sannan shi ya tada babban. In babban ya kama sai ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, ƙasa ta ɗauki rawa har cikin ɗakuna. Kujerarta ta daɗe da mutuwa, buhunan wofi aka ninke a wurin. Da direbanta aka saye ta, wani Bagobiri ɗan wajen Gidan Rumji, mai ƙarancin magana, wanda ya hau ta tun yana saurayi.

Shekarar da abin ya faru ina aiki a Gidan Rumji. Alhaji ya sami kwangilar zuba burji a wata hanyar kasuwa, kuma ba ya bukatar ya tambayi kowa inda burji yake. Ya je meri, wato ofishin magajin gari, ya samo izini. Bai zo gida ya gaya wa Inna ba. Bai kuma jira kaka ba, alhali hatsi ya fidda kai, har an fara cin tumu.

Ban ga abin da idona ba. Yayata ce ta ba ni labari, na kuma sa ta maimaita mini shi har na haddace.

Da hantsi suka ji ƙarar. Kafin su isa, katafila ta riga ta shiga ta yamma, ta kwantar da hatsi, ta nufi babban gawon tsakiya. Inna ta bi ta cikin karan da aka tattake, ta sha gabanta, ta zauna a ƙasa daɓas ta miƙe ƙafafu. Direba ya tsaya. Ya rage wuta, ya waiwaya ya ce, "Alhaji, da mutum a gaba."

Alhaji ya fito daga motarsa, ya zo ya tsaya a kanta. Bai durƙusa ba.

"Inna, tashi. Za a biya ki."

"Wa zai biya ni?"

"Ni."

"Kai na shayar," in ji ta.

"Shi ya sa nike ce maki ki tashi da girmanki. Aikin gwamnati ne, ba ni iya tsaida shi."

Ba ta tashi ba. Mutanen gari sun taru, maza da mata, har da mai gari da liman, ba wanda ya ce uffan. Alhaji ya dubi agogonsa, ya dubi leburorinsa, ya ce, "Ku ɗauke ta."

Biyu suka ɗauke ta, ɗaya a hannuwa ɗaya a ƙafafu, yadda ake ɗaukar buhun gujiya. Tana ta fizga. Kallabinta ya faɗi. Kafin su kai bakin iyaka zanenta ya kwance ya zube ƙasa, kuma ba su tsaya ba. Tsohuwa mai jikoki, a gaban surukanta, a gaban samarin da aka haifa a hannunta. Mata suka ruga suka rufe ta da mayafansu. Yayata ta ce tana cikin ɗaura mata zane ta ji faɗuwar gawon.

Da saƙo ya iske ni na zo. Na je meri, aka ce amfanin jama'a ne. Na je wurin mai gari, ya yi ta kallon tabarma yana cewa a yi haƙuri. Alhaji ya aiko da kuɗi a ƙunshe, Inna ta ce a maida, ko buɗewa ba ta yi ba. Cikin ƴan makonni suka cinye fiye da rabin gonar, suka tafi suka bar rami wanda zurfinsa ya fi raƙumi da mahayinsa. Gefe uku gaɓa ce a tsaye kamar katanga. Gefe ɗaya kawai aka yi wa gangare don motoci su shiga su fita, kuma gangaren nan a cikin abin da ya rage na gonar Inna ya buɗe baki.

Inna ba ta ƙara taka gonar ba. Ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba, ko rijiya ta daina zuwa. In an yi mata magana sai ta ce, "In je in gaida wa? Wa ya rage bai gan ni ba?" Damina biyu ta ƙara a duniya, duk a cikin ɗaki.

Tana kwance ciwon ajali na roƙe ta abu ɗaya a kan Alhaji. Na ce, "Inna, ki ɗaga mashi nono." A wurinmu in uwa ta ɗaga wa ɗa nono ta yi masa baki, to an gama da shi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Abin da na ba shi na ba shi. Ba ni bin shi da baki." Na fita tsakar gida na zauna raina yana tafasa, rabi da shi rabi da ita. A nan na ƙudura cewa abin da ta ƙi yi da baki, ni zan yi shi da hannu.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo gaisuwa da buhun shinkafa da goro. Na sa aka maida masa su cikin mota tun bai shafa addu'a ba.

Shekaru suka wuce. Na aje aiki na dawo gida, na karɓi sauran gonar ina nomawa. Ramin kuwa kowace damina sai ya cika ya zama tabki, ba ya ƙafewa sai sanyi ya wuce. Alhaji yana ta bunƙasa. In na ji an ce katafilarsa tana aiki a wani gari, sai in ƙirƙiro dalilin zuwa garin. Na gan ta tana kwashe rairayin da ya rufe hanya, na gan ta tana yasar tabki, na gan ta tana rushe tsohon gini a bayan kasuwa. Wata Juma'a a Gazawa na iske ta a aje ita kaɗai, kowa ya tafi masallaci. Na duƙa na cika hannuna da rairayi, na tsaya kusa da tankin gazuwal ɗinta, inda ake zuba mata mai. Na daɗe a tsaye. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, ba kuma tsoron jandarma ba. Ramuwar ce ta yi mini kaɗan. Za su wanke tankin ta tashi, shi kuma ba zai ma san daga ina abin ya fito ba. Ni kuwa so nake ya sani, ya kuma tsaya yana kallo ba yadda zai yi. Na watsar da rairayin na tafi salla.

Da rani, bayan an saki gonaki, kowa yana iya ratsa gonar kowa, shanu ne ko amalanke ko mota. A irin wannan lokacin katafilar ta dawo. Alhaji ya sami wata kwangila, babba wannan karon, irin wadda in ya gama ta zai shiga sahun manya, kuma ya zuba duk abin da ya mallaka a cikinta. Burjin ramin bai ƙare ba. Suka sauko da katafila daga kan babbar mota, ta bi ta kan gonata ta gangara. Ban tare su ba. Har sannu da aiki nake yi wa direba.

Suna cikin aiki bazara ta shigo, zafi ya tsananta, gabas ta fara haɗa hadari. Wata rana da azahar ina zaune ƙarƙashin aduwar da ta tsira, sai na ji wata ƙara daga cikin rami kamar an buga taɓarya a turmin ƙarfe. Daga nan sai shiru. Na leƙa. Tana can ƙasa a wuri mafi zurfi, baƙin mai yana tsiyaya daga cikinta, direba ya dafa ta da hannu biyu.

Kashegari makanikai suka zo daga Maraɗi da wata mota mai ƙugiya. Suka buɗe injin, suka ciro wani ƙaton ƙarfe da ya karye gida biyu, suka rufe sauran da tamfol. Na ji babbansu yana cewa an daɗe da daina ƙera irinsa, sai dai a je Kano ko gaba da Kano a nemi wata matacciya a cire nata. Na tambaye shi, kamar mai son sani kawai, ko mutane za su iya sauko da ƙarfen a kafaɗa in an samo. Ya yi dariya ya ce ko an sauko da shi, wa zai ɗaga shi ya zaunar? Sai mota mai ƙugiya. Na ce Allah ya ba da sa'a.

A ranar na fara shiri. Tayoyin motoci sun daddale gangaren, hauya ba ta kama shi. Na yi ta kwaso rairayi da amalanke ina zubawa, tun daga bakin rami har bakin hanya. Akwai wani Bafillace da na daɗe ina yi wa shanunsa allura. Na roƙe shi ya kwantar da garkensa a wurin don taki, ya kuwa yi. Direba yana zaune a inuwar katafilarsa yana gadi, yana kallona. Wata rana ya hauro ya ce, "Malam, nan ai hanya ce."

Na ce, "Gona ce, baba. Rani ne ya maishe ta hanya."

Ya dube ni, ya dubi gabas. Ya gane. Na san ya aika wa maigidansa, amma Alhaji yana can Kano yana neman ƙarfe, kuma bai taɓa ɗaukata a bakin komai ba.

Ruwan shuka ya sauka da asuba. Gari na wayewa muka fita, ni a gaba ina sara da sungumi, yayata da ƴaƴanta a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Muka shuke gonar kaf, muka shuke gangaren har inda rairayi ya ƙare. Daga nan na wuce ƙofar mai gari da laka a ƙafata. Shi ne dai wanda ya yi ta kallon tabarma, tsufa ya ƙara kama shi. Kowace shekara ana shela cewa daga ranar da iri ya shiga ƙasa, ba dabba, ba amalanke, ba mota a gonar mutum sai da yardarsa, har a saki gonaki. Da dokar nan ake cin makiyaya tara duk damina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi shuka. Na zo in ji ko dokar bana ta sauya."

"Ba ta sauya ba."

"Ko ga mai babbar riga?"

Ya ce, "Ko ga wa." A gaban mutane ya faɗa.

Hatsi ya kai tsawon yatsa lokacin da Alhaji ya dawo da ƙarfensa da motar ƙugiya. Ni ban kira kowa ba, yayata ce ta bi gida gida. Kafin motar ta iso bakin gona mata sun riga sun jeru a kan iyaka, kowace da ƙwaryarta tana ɓarar gujiyar iri. Yawancinsu waɗanda suka rufe Inna da mayafi ne, sun tsufa, sun zo da ƴaƴansu mata.

Ya fito daga mota. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari kamar nawa. Wannan karon ya durƙusa ya gaida matan. Ba wadda ta amsa. Ya taso ya zo wurina.

"Ɗan Inna," in ji shi.

"Ɗa namiji ɗaya ta bari. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Yini guda nike so. Mota ta shiga, a ɗaura, mu fita. Duk abin da gonar ga za ta ba ka bana, ni biya ka har da ƙari."

"Ba ni saidawa."

"To mi kake so?"

"Ba ni son komi. Noma nike."

"Ka san in ruwa ya sauko…" Bai ƙarasa ba.

"Na sani," na ce. "Kai ka gina ramin. Ni ke kallonshi duk shekara."

Ya tafi ya dawo da jandarma. Babbansu ya zagaya, ya ga shuka ta fito sahu-sahu, ya ji ta bakin mai gari. Ya ce da matan su ba da hanya a yi magana. Yayata ta aje ƙwaryarta ta ce, "Ba mu tashi. In ɗauka za ku yi, ku ɗauke mu yadda aka ɗauki uwarmu. Ga shi nan tsaye, ya san yadda ake yi." Jandarman ya tambayi abin da take nufi. Wata tsohuwa ta ba shi labari tun daga farko, da ƙarfi, ba ta tsallake komai ba, Alhaji yana tsaye yana ji. Da ta gama, jandarman ya gyara hularsa ya ce wannan maganar gona ce, ta sarakuna ce, ba tasu ba. Alhaji ya je meri ma. Amma zaɓe ya matso, ba mai son a ce shi ya sa aka ja tsofaffin mata a ƙasa.

Sai aka koma roƙo. Dattawa suka zo, na ba su ruwa suka sha suka tafi. Liman ya zo ya ce, "Malam, Allah yana son mai yafiya. Ɗan'uwanka ne na nono."

Na ce, "Gaskiya ne, Allah gafarta malam. Ranar da zanen Inna ya faɗi kana wurin?"

Ya ce yana wurin.

"Mi ka ce mashi ran nan?"

Ya shafa gemu. Na ce, "In ka tuna, ka zo ka faɗa mani, sai in yi aiki da shi." Bai dawo ba.

Shi kansa Alhaji ya iske ni a zaure wata la'asar, ba mota ba rakiya. Ya ce ya yi kuskure, ƙuruciya ce da son duniya, zai je kan kabarin Inna ya nemi gafara. Hawaye na zuba a gemunsa. Na ce ya je, maƙabarta ba ta da ƙofa. Ya ce to hanyar fa? Na ce, "Ashe hanyar ka zo roƙo."

Na kafa ƴar bukka a bakin gangare, a nan nake wuni. Ruwan da ya biyo baya ya kwanta a ƙarƙashin katafila kamar tabarma. Na bayansa ya rufe sarƙar ƙafafunta. Kowace safiya kafin in ɗauki hauya sai in je in duba inda ruwa ya kai, yadda ake duba majinyaci, sai dai ni ba sauƙi nake fata ba.

Direba bai tafi ba. Ya ɗauki felu ya yi ta tara ƙasa kewaye da ita, ruwa yana cinyewa. Ya kwance abin da zai iya kwancewa ya hauro da shi a ka. Ban hana shi ba, ƙafar mutum ba ta cikin doka. Wata rana ya zo ya zauna a bakin bukkata, jiƙe sharkaf. Na miƙa masa fura ya sha.

"Malam, ita ba ta san kowa ba," in ji shi. "Inda aka nuna mata nan take bi. Tun ban yi aure ba nike bisanta. Da ita na ciyar da ɗiyana."

"Ita ba ta sani ba. Kai fa?"

"Na tsaya ran nan. Kowa ya ga na tsaya."

"Ka tsaya. Da aka ɗauke ta kuma sai ka ci gaba."

Ya juya ludayi a cikin ƙwarya. "Na ci gaba," ya ce.

Na ji tausayinsa, kuma kullum ina ba shi fura. Hanya dai ban ba shi ba.

Da marka ta kama, aka yi wani ruwa tun safe har la'asar. Duk ruwan jigawar gabas a ramin yake taruwa. Ina cikin bukka ina jin gaɓa tana zubewa. Da aka ɗauke na fito. Tamfol ya tashi yana yawo a kan ruwa. Kujerar ta nutse. Abin da ya rage a waje sai bututun hayaƙi da ƙarafan rumfar direba, mai kuma ya bazu a kan ruwan yana ƙyalli. Kafin magariba kwaɗi sun karɓe wurin.

Kashegari na hango Alhaji a ɗaya gaɓar, shi kaɗai, ya zagayo ta burtali. Ya tsaya hannuwa a baya yana kallon bututun. Ni ina wannan gefen ina maimai. Na dogara da hauyata na zuba masa ido har ya ɗago muka haɗa. Ban yi masa dariya ba. Amma tun ranar da aka binne Inna ban ji iska ta shiga ƙirjina har ƙasa ba sai a wannan safiyar. Da na koma gida na ci tuwo na nemi ƙari, har matata ta tambaye ni ko lafiya.

Ba katafila ba burji, ba burji ba hanya. Masu aikin suka jira shi har suka gaji, suka karɓe kwangilar suka ba wani. Motocin yashinsa suka tafi ɗaya bayan ɗaya, gidan Maraɗi ya bi bayansu.

Da kaka ta yi ban yi gaggawa ba. Maƙwabta suka girbe suka ɗaure suka kai rumbu, nawa yana tsaye. Da na girbe hatsi na bar wake, da na rore wake na bar yakuwa a bakin iyaka. Sai da aka yi shelar sakin gonaki na kwashe bukkata. Hatsin da na shuka a gangare ko dami bai cika ba. Na ɗaure shi daban, yayata ta surfa ta yi fura, muka raba wa matan da suka zauna.

Ruwan bai janye ba sai da sanyi ya wuce. Katafilar ta fito sannu a hankali, ja da tsatsa, laka har cikin injin. Aka yi hayar wata katafilar ta jawo ta kamar mushe. Alhaji bai zo ba. Tun tana cikin ruwa ya sayar da ita ga wani ɗan kasuwar Gazawa a matsayin tsohon ƙarfe.

Na ɗauka ta mutu ke nan, kuma haka na so. Amma makanikan Maraɗi suka warware ta ƙusa ƙusa, suka wanke, suka haɗa, direba yana tsugune a gefensu wata da watanni. Da shekara ta zagayo ina kasuwar Gazawa sai na ji ɗan injin nan yana ƙara, na ji tarin, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin takalmina. Ga ta nan tana baje burji a bakin tasha, dattijon direbanta yana bisa. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Raina ya ɓaci har na kasa cinikin da ya kai ni. Har yau tana aiki. Bara ma ita ta cike hanyar da ruwa ya yanke a kudancinmu.

Alhaji ne bai tashi ba. Yanzu kamasho ne a tashar Agiye, yana kira wa taksin Maraɗi fasinja. Lokaci lokaci nakan je Maraɗi karɓar fansho. Daga ƙauyenmu in na fito bakin kwalta kowace mota za ta tsaya ta ɗauke ni, kuma Maraɗi yamma take. Amma sai in hau kabu-kabu in koma gabas, in shiga tashar Agiye. Matata ta ce abin ya isa haka. Yayata kuwa in na dawo takan tambaye ni yadda na gan shi, ko ya ƙara ramewa.

Zuwan da na yi na baya-bayan nan na iske shi yana ɗaure buhunan aya a bayan mota, gumi ya jiƙa masa riga. Ya gan ni, ya goge hannu a jikinsa, ya karɓi jakata.

"Malam, gaba ko baya?"

"Gaba."

Ya buɗe mini ƙofa, ya riƙe ta har na zauna na tattara rigata. Ƙofar ba ta kamawa sai an ɗaga ta, ya yi ta fama da ita kafin ta rufu, na bar shi ya yi. Motar ba ta cika ba tukuna. Na sauke gilashi, na gyara zama, ina jin muryarsa a cikin rana yana kiran Maraɗi, Maraɗi.